Ɗari Uku da Tamanin da Huɗu

Wani mutum ne a wata makarantar koyon aikin likita, ana ce masa Dokta Gwadabe. Shi dai a faɗarsa, kwamfuta ma gaishe shi take yi. Duk ɗalibin da zai yi bincike, wurinsa yake zuwa ya ji mutum nawa zai ɗauka. Sai ya rufe ido, ya ɗan kaɗa yatsu, ƙas ƙas, ya buɗe ido ya ba da amsa.

Abin da ba ya faɗa shi ne, amsar guda ɗaya ce tak. A kundin digirinsa ya tsince ta shekara ashirin da suka wuce, ya ga ba ta taɓa ba shi kunya ba, ya riƙe abarsa.

Ana nan aka buɗe sabon sashen ƙididdiga, ana neman shugaba. Gwadabe har ya auna labulen ofishin da igiya. Saura kawai wata baƙuwa, Farfesa Turai, ta zauna a taron ɗalibai ta ga aikinsa, ta sa hannu.

Ɗalibarsa Zulai ce ta fara. Ta ce za ta ɗauki masu ciwon ƙoda da marasa shi, ta kwatanta su, ta ga ko ruwan rijiya na da hannu. Za ta yi lissafin lojistik, wanda ke auna dalilai da yawa a lokaci guda.

"Mutum nawa?" in ji Farfesa.

"Ɗari uku da tamanin da huɗu."

"Wa ya lissafa?"

Gwadabe ya gyara hula. "Da ka na yi shi, ranki ya daɗe. Ina cin gyaɗa ma."

"Madalla. To in muna zaton ruwan yana ninka haɗarin sau uku?"

Ya rufe ido. Ƙas ƙas. "Ɗari uku da tamanin da huɗu."

Ta rubuta a allo. "In kuma ɗan ƙaruwa ne kaɗan, wanda da ƙyar ake gani?"

Ƙas ƙas. Ta sake rubutawa a ƙarƙashin na farko.

"In muka sa shekaru, da hawan jini, da shan taba a lissafin, kuma kowane mai ciwo aka haɗa shi da lafiyayyu huɗu?"

Wannan karon ya daɗe ido rufe, don a san tambayar ta yi nauyi. Da ya buɗe, ya tarar ta riga ta rubuta.

"Na rage maka wahala," ta ce. "Saura ƙarfin binciken. In har ruwan na da illa, kashi nawa cikin ɗari muke sa ran za mu gano? Tamanin aka saba nema."

Gwadabe ya ga tamanin ta yi masa kaɗan. "Tamanin ai ta masu koyo ce. Nawa ɗari da hamsin ne."

"Cikin ɗari."

"Ko ma fi."

"Wato ko ruwan ba shi da laifi, sai an kama shi."

Farfesa ta juya ga ɗalibai. "Wa ke da wannan lambar a kundinsa?"

Hannuwa suka tashi rututu. Shugaban tsangaya ma ya ɗaga nasa rabi, ya mai da shi sosa kunne. A can baya akwai wani mai furfura, Malam Tanko, shekararsa ta biyar ke nan bai gama ba, shi ma hannunsa na sama.

"Malam, kai a kan me kake bincike?"

"Tsaftar rijiyoyin ƙauyenmu, ranki ya daɗe."

"Rijiya nawa ce a ƙauyen?"

"Arba'in da ɗaya."

"To sauran fa?"

"Dokta ya ce in yi haƙuri, ana haƙawa. Bara ma an ƙara biyu."

Farfesa ta rufe alƙalaminta, ƙyat, ta sa a jaka. Gwadabe ya bi alƙalamin da kallo.

"Ranki ya daɗe, batun sa hannun fa?"

"Zan sa, Dokta," ta ce. "Ranar da Malam Tanko ya cika rijiyoyinsa, ka kira ni."