Rasuwar Malam Toka, Kwalin Saita Launi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta hana ni zama wuri ɗaya, ni Sulaimanu mai hoto na Kokoro nake sanar da rasuwar Malam Toka, kwalin nan ruwan toka da nake nuna wa kyamara kafin kowane ɗauka, don ta gane launi na gaskiya.

Marigayin bai taɓa ƙarya ba. Ƙarƙashin doguwar fitila mai maida fuska kore, ko ƙwan lantarki mai maida ta ruwan ɗorawa, da kyamara ta dube shi sai kowa ya fito da fatar da Allah ya ba shi. Ba a san shi da surutu ba, sai fat-fat idan na yi fifita da shi.

Ciwon ajali ya soma ranar da harbi ya kore mu zuwa harabar masallaci. Man makala, fanken nan namu, ya ɗiga masa, zufar aljihuna ta ci gefensa a shingayen hanya, jiya ruwan sama ya ƙarasa shi.

Ya bar ni, da kyamara mai ganin kowa shuɗi a ƙarƙashin tamfol ɗin da muka fake, da ƙanwata Ummuhani, wadda aka maido hotonta na takardar fita sau biyu, wai ba ita ba ce. Motocin da za su kwashe mu zuwa ƙasar Kamaru kuwa Asabar za su tashi, kuma wallahi tsoro nake ji su tafi su bar ta.

Na nemi magaji, tunda abu fari tas ma yana iya aikinsa. Na gwada rigar liman, na gwada hular ladan, na gwada mayafai bakwai. Ashe duk farin unguwar nan da bula ake wanke shi. Kyamara ta ɗauki shuɗin a matsayin fari, Ummuhani ta fito kamar mai ciwon shawara.

Da safen nan Inna Tasalla, tsohuwar da ta rantse ba inda za ta, ta buɗe akwatinta ta yanko wa mamacin ƙyalle daga likkafanin da ta ajiye wa kanta. Bula ba ta taɓa shi ba.

Za a binne Malam Toka bayan azahar, a gindin mangwaron harabar. Muna neman gafararsa, tsirara zai tafi, don ƙyallen ne zai gaje shi. Likkafaninsa na hannuna, Ummuhani na kan benci, kada kowa ya tsaya mini a haske.