Tokar Jiya

A wani daji, shekarar da aka yi yaƙi da tsuntsaye, gawayi ya yi wuya. Maƙera suka kwashe rabi don ƙera kibau, majalisa ta tara sauran a rumbu guda ta ɗora Gyado a kai. Saura yadda za a raba.

Damo, wanda shekara tara yana majalisa ba a taɓa jin ko tarinsa ba, ya ga yau ce ranarsa. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, mai wuta shi ke da toka. Duk mai son mudun gawayi ya kawo mudun tokar jiya. Ta haka maƙaryaci zai tona kansa."

Aka yi ta tafi. Ya nufi gida yana taku ɗai-ɗai.

Ya tarar uwargida ta tace tokar gidan kaf ta kaɗa miyar kuka, don kanwa ma yaƙi ya ɗauke ta. Ga damina ta kankama, ga ƙwansu bakwai a ɗaki suna jiran ɗumi.

"Maigida, ai da ka aiko mini cewa miya ma ta shiga doka," in ji ta.

Da safe ya je rumbu da kwano wayam. Gyado ya ce, "Malam Damo, ina ni ina taɓa dokar da ta fito daga baki irin naka? In na ɗaga maka, gobe kowa ya ce a miya ya sha tasa."

Damo ya yi yaƙe, kunya kamar ya nutse. Ya ce a ransa, "An ce ramin mugunta a gina shi gajere. Ashe na hikima ma haka ne."

Ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa ya ƙona, ya kai toka, ya karɓo gawayi. Sai kashegari ya gano abin da kowace mace ta sani: mudun gawayi, tokarsa ba ta cika tafin hannu. Ya cika mudun da tokar tabarma, jibi da ta turmi, gata da ta jinka. Maƙwabta kuwa, ganin masani ya yi, suka bi sahu.

Ruwa ya sauko bisa ƙwai bakwai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Damo ya yi kuka a ɓoye, don ba shi da wanda zai kai ƙara.

Da aka yi sulhu, majalisa ta zauna a fili ta tabbatar ba gidan da ya taɓa rasa gawayi. Har yau da tsarin ake aiki, kuma sunan Damo aka sa masa.