Ƙofar da Mai Girma ya gina mana

Jama'a, yau na zama majinyaci, alhali ko mura ba na yi.

Ina da aboki, tela ne a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Bari in kira shi Ɗan'azumi, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekararsa tara yana shan maganin ƙanjamau, kullum ƙwaya ɗaya, ya yi ɓulɓul har ya fi ni ƙeya. Duk bayan wata uku yakan hau adaidaita ya tafi can bayan Hotoro, inda ba wanda ya san shi, ya karɓo maganinsa. 'Yan can su ma su zo nan. Kowa asirinsa a rufe.

Sai Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara masa zaren yankawa, ya tausaya mana. Ya ce a kawo magani kusa da jama'a. Aka gina ɗaki a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, aka dawo da katin kowa unguwarsu. Madalla! Ɗakin kuwa da ƙofarsa ta musamman mai kallon titi, daidai teburin mai shayi, ga allo a samanta da sunan cutar da jan rubutu, wanda ko ka manta tabarau za ka karanta.

Ɗan'azumi ya leƙa sau ɗaya ya juyo. Maganinsa ya ƙare, ya yi shiru mako bakwai. Tari ya kama shi, harshensa ya yi fari fat, haɗiyar koko ma sai da ƙyar. Da na ga tela guda yana ɗaure wandonsa da igiya, wallahi gabana ya faɗi.

Na ce, "Malam, kashe kanka za ka yi?"

Ya ce, "Surukina a teburin nan yake karyawa kullum. In shiga yana kallo?"

Shi ne da safen nan na ce ya riƙe hannuna. Na langaɓe, na ja ƙafa, da muka zo teburin na ɗaga murya: "Salamu alaikum! A yi mana addu'a!" Masu shan shayi suka bi ni da ido, cokula suka tsaya. Surukin har cewa ya yi, "Allah ya yi maka albarka, Ɗan'azumi, haka ake zumunci."

A ciki muka tarar da nas, Sista Comfort. Ta dube ni, ta dubi mai rakiyata, ta ce da ni, "Baba, sake shi, na ga mara lafiyar." Ta haska bakinsa, ta sa a gwada majinarsa ko tarin fuka ne, sannan ta wanke shi tas. Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: maganin nan shi ke danne ƙwayar cutar, in an bar shi garkuwar jiki ta faɗi, kowane ɗan iskan ciwo sai ya shigo da tabarmarsa. Ta mayar da shi kan magani, ta ce ba shi kaɗai ya ɓace mata ba tun da aka kafa allon.

Kafin azahar labari ya riga ni gida. Na tarar da mata uku suna ba matata Jummai haƙuri, ita kuwa tana jirana da muciya. Da la'asar mai shayin da na shekara ashirin ina sha a wurinsa ya zuba mini a kofi daban, wani mai tsagaggen baki. Na sha, amma ya yi mini ɗaci. Yini ɗaya kenan. Ɗan'azumi wannan kofin yake gudu shekara tara.

Saboda haka ranka ya daɗe, mun gode da gini. Roƙonmu ɗaya: a fasa mana ƙofar baya, irin wadda kuke sulalewa ta cikinta in mun zo ofis nemanku.