Neman Dangin Da Ba Su Da Suga

Wani ne a Anka, mayen shayi. Shi ba shayi yake sha da suga ba, suga yake sha da ɗan shayi. Mai shayin unguwarsu da ya hango shi tafe, sai ya tura gwangwanin suga ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ran nan ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a kasuwa, ana gwajin ciwon suga kyauta. Gogan naka da jin kyauta ya shiga layi. Aka huda masa yatsa, ma'aikaciyar ta duba ta ce a yanzu dai lafiyarsa lau. Har ya miƙe, sai ta tambaye shi ko akwai mai ciwon a gidansu. Ya ce ba su da yawa. Babansa da shi ya rasu, sai baffansa, sai gwaggonsa, sai yayansa da ciwon ya kama bara.

Ta ce ya koma ya zauna. Ta yi masa bayani cewa ciwon yana bin jini, yakan bari mutum ya manyanta sannan ya kama shi. Ya rage zaƙi, ya riƙa motsa jiki.

Ya ce, "Malama, dole na sai ya kama ni?"

Ta ce ba dole ba ne. Kowa da irin ƙwayoyin halittar da ya ɗebo wurin uwa da uba. Ciki ɗaya, wani ya kwaso, wani ya tsallake.

Duk dogon bayanin nan, "wani ya tsallake" kaɗai ya shiga kunnensa. Ya wuce shagon aski ya tsaya gaban madubi. Ya duba hanci, ya ja kunne, ya yage baki ya leƙa haƙora. Nan take ya yanke hukunci cewa shi kaf ɗinsa dangin Inna ne, bai ɗauko komai wurin Baba ba sai hula.

Washegari ya hau babur sai Gummi, gidan Kawu Umaru, ƙanen Inna, don ya ga lafiyayyun danginsa da idonsa. Har da tsarabar suga mudu guda. Ya iske Kawu a zaure yana fama da dafaffen wake da zogale. Kawu ya buɗe leda, ya dube shi.

"Kashe ni kaz zaka yi? Mu gidan ga ko kiyashi ya san mu da ciwon suga. Tun daga kakarka."

Ya ɗauke tsarabarsa ya fito. A hanya ya tuna da Habsu, wata Bafulatana a Gwashi, wadda ta shayar da shi lokacin da Inna ta yi jinya. Ya karkata babur sai Gwashi, can ƙasar Bukkuyum. Ya same ta ta tsufa tukuf, amma ƙwaryar nono na bisa kanta, tana tafiya ya fi ta haki. Ta ce su a rugarsu ba su taɓa jin mai wannan ciwo ba.

Murna kamar ya yi fiffike. Ya dawo Anka ya sha shayi kofi bisa kofi, ya saya wa duk wanda ke kan benci. Da safe ya nemo ma'aikaciyar ya yi mata albishir cewa nonon marasa ciwon suga ya sha. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce nono yana hana aure, amma ba ya hana suga.

Dabara ta ƙare masa, saura guda. Ya shiga gida ya sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ya tambayi lafiyar awaki. Can ya sassauta murya.

"Inna, don Allah ki tuna da kyau. Kin tabbata ku kunka haihe ni? Ba tsinta ta anka yi ba, ko bakin gulbi, ko cikin kasuwa? In hakanan na, ki hwaɗa min, walle ba ni hushi."

Inna ta ajiye faifai. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, da tsintar ka niy yi, ai da tuni na kai cigiya gidan rediyo."