Injin da Na Lulluɓe da Bargo

Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu. Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da haƙar kirifto, kuɗin intanet da ake samarwa da kwamfuta, ta shigo Birnin Konni, lokacin da ko ɗan kabu-kabu ka tsayar sai ya yi maka bayanin farashinta kafin ya tambayi inda za ka. Ni ma na shiga. Lawali, ɗan ƙanen babana mai gyaran kwamfuta, shi ya haɗa mini inji a ɗakin bayan shagona: katin kwamfuta shida jere kan ƙarfe, kowanne da fankarsa. Nakan tsaya ina kallonsu kamar mai kallon shanunsa sun dawo kiwo.

Sati biyu lafiya lau. Daga nan injin ya fara mutuwa. Kati ɗaya ya ɓace, na biyu ya bi shi, allo ya daskare, sai na kashe na kunna. Lawali ya canza wayoyin katunan, ya mayar da tsohuwar manhaja, ya rage musu gudu. Ya zargi kuran, wato wutar lantarki, ya kawo wani akwatin wuta. Ya gwada katunan ɗaya-ɗaya, duk garau. Kullum da safe yake zuwa, kullum ya tarar da injin na aiki kamar bai taɓa yin laifi ba.

"Yaya, zafi ne," in ji shi. "Kuma injin ya rubuta lokacin, kullum bayan la'asar. Mi ka faruwa nan bayan la'asar?"

Na ce ba komai. (Wallahi a raina ba komai ɗin ne.)

Abin da ke faruwa shi ne majalisa. Bayan la'asar abokai ke taruwa ƙofar shago shan shayi, ɗakin kuwa labule ne kawai, ba ƙyaure. Ni kuma tsoron bakin mutane nake; haka aka rene mu, abin da kake sa rai da shi ba ka barinsa a fili. Sai in ɗauko bargo mai kauri in lulluɓe injin har ƙasa, ba na yayewa sai an watse. A tsakiyar bazara, a Konni.

Da haushi ya ishe ni, a majalisar nan na ce Lawali tsofaffin katuna ya kwaso mini daga ƙetaren iyaka, ya ce sababbi ne. Maganar ta zaga gari. Har wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya je ya karɓe kwamfutarsa daga hannunsa ba a gyara ba.

Wata Alhamis bayan la'asar sai ga Lawali. Ya yi sallama, bai zauna ba, ya ɗaga labule ya shige. Can ya fito riƙe da bargon da yatsu biyu saboda zafi.

"Yaya, wanga fa? Masassara injin ke yi?"

Alhaji Idi mai goro ya ce, "Ku miƙa mashi shayi ya yi zufa!"

Na ce a hankali, "Baki nike tsoro."

"Bakin wa?" in ji Alhaji. "Mu da munka kama maka aka sauke shi daga kan babur?"

Mai shayi sai da ya ajiye buta don dariya. Lawali kaɗai bai yi ba. Ya ninke bargon, ya ajiye kan benci, ya tafi.

Yanzu katunan suna cikin kwali, zamaninsu ya wuce, majalisar ma ta watse, ina kewar su duka. Abin da na koya: kafin ka zargi mai gyara, ka tambayi kanka abin da kake yi idan ba ya nan.

Bayan waccan Alhamis ɗin, kwana uku na yi ina juya magana kafin na je na roƙe shi ya zo majalisa, na kira malamin lakwal ɗin ma. Na miƙe tsaye na ce: "Lawali, a nan na ɓata maka suna, a nan zan gyara. Katunanka sababbi ne, aikinka ba aibu. Ni na yi maka ƙazafi. Ni ne babba, ni kuma na yi wautar. Don Allah ka yafe mini."