Sabon Dashbod na Alhaji Tanimu

A garinmu akwai wani tsohon kansila, Alhaji Tanimu, wanda ya wayi gari ya ce shi fa wannan karon kujerar shugaban ƙaramar hukuma yake so. Matsalarsa ɗaya ce: duk zamansa a kansila babu wani aiki da za a nuna a ce nasa ne. Amma mahaifinsa, marigayi Alhaji Barau, mutum ne da har yau in an ambace shi sai an bi shi da addu'a. Shi ya fara sayen mota a garin, wata doguwa baƙa mai faɗin hanci, kuma babu mai naƙudar da motar nan ba ta kai asibiti ba, ko da mai ita yana cikin cin tuwo aka zo. Sai Alhaji Tanimu ya yanke shawara cewa ranar ƙaddamar da takara a cikin motar Baba zai shiga gari, kowa ya tuna ɗan wane ne.

Motar kuwa tana bayan gida tun rasuwar mai ita, kaji sun mayar da ita gidan gadonsu. Aka janyo ta zuwa garejin Sallau bakanike, aka yi mata fenti, aka ɗinke kujeru. Dashbod ne ya gagara, wato allon agogunan da ke gaban direba, don rana ta tsattsaga shi kamar diddigen mai faso. Alhaji ya ce ba zai zauna a bayan wannan abin kunya ba alhali masu ɗaukar hoto za su leƙo ta taga. Ya sa aka yi ta cigiya har aka samo wani daga Kwatano, irin na ainihi, mai ruwan katako, yana sheƙi kamar an lashe shi.

Sallau ya ɓaɓɓake tsohon, ya zauna ya yi ta jona wayoyi yana gumi. Da ya ɗaura sabon sai ya aika aka kira Alhaji. Alhaji ya shiga ya zauna, ya shafa dashbod da tafin hannu, ya gyara hula a madubi.

"Murza makulli mu gani."

Sallau ya murza. Mota ta yi tari, ta yi atishawa, da ƙyar ta tashi. Nan take wata jar wuta ta kama ƙyaftawa a kan sabon dashbod.

"Wannan kuma me take cewa?"

"Ranka ya daɗe, cewa take inji ba lafiya. Sai an sauke shi."

"Waccan allurar da ta haye sama fa?"

"Zafi take nunawa. Lagireto, tankin ruwan inji, na yoyo."

Alhaji ya haɗe rai. "Sallau, taro jibi ne. Wa ka taɓa gani ya zo taron siyasa ya ce a buɗe masa inji? Cire min jar wutar nan. Ba na son 'yan adawa a cikin motata."

"To allurar fa, Alhaji?"

"Ka dawo da ita tsakiya ka manne ta. Ta mai kuma ka kai ta can ƙarshe, ta zauna a cike. Mutane su leƙo su ga komai lafiya lau."

Sallau ya dubi fuskar Alhaji. Ya ɗauko filaya ya cisge wayar jar wutar, ya ɗiga wa allurai gam. Dashbod ya yi tsit, babu mai ƙorafi. Alhaji ya ce, "Yawwa! Ka ga yadda ake gyara?"

Ranar taro aka fito da kiɗa daga tashar mota. Sallau ne a sitiyari, Alhaji a gefensa cikin babbar riga, ya riƙe lasifika. Abin mamaki, dabarar ta fara ci. Tsofaffi suka fito ƙofar gida suna nunawa, "La ilaha illallahu, motar Alhaji Barau ce!" Wata dattijuwa har da hawaye, ta ce a kujerar bayan motar nan ta haifi ɗanta na fari.

Suna fara hawa tudun kasuwa sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Mota ta yi gurnani, ta girgiza, ta mutu murus.

"Me ya faru?" in ji Alhaji cikin raɗa.

Sallau ya duba gabansa ya ce, "A nan dai, ranka ya daɗe, komai lafiya lau."

Da ƙyar ya danne birki, mota na neman komawa da baya. Jama'a suka ga motar Alhaji Barau za ta gangara cikin masu tumatir, ba su jira an roƙe su ba. 'Yan kasuwa suka bar rumfuna suka sa kafaɗa. A cikinsu har da Ilu mahauci, dattijo mai furfura, wanda ya ajiye wuƙa ya kama gefen tagar da Alhaji yake, yana turi yana nishi.

Alhaji ya ga mota na tafiya, ga taro ya cika, ga masu hoto. Ya ga in ya yi shiru an gane. Sai ya leƙo da kai ta taga, ya kafa lasifika a baki, daidai kunnen Ilu.

"Jama'a! Garin nan ya daɗe a tsaye wuri ɗaya! Ku ba ni ƙuri'unku, wallahi ni kaɗai zan tura shi gaba!"

Ilu ya ɗago, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya matsa gefe kaɗan.

"Alhaji, in dai turi ka iya, ga wuri na matsa maka. Sauko ka fara da wannan."