Rasuwar Mai Huci, Kwamfutar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, iyalan gidan nan suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar Auta, wadda aka fi sani da Mai Huci. Ta cika da hantsi a kan teburin ɗakin baya, bayan fama da zazzaɓin da ta zo duniya da shi. Ko ƙura ba ta gama sanin jikinta ba.

Marigayiya ba 'yar kanti ba ce. Yayan Auta ne ya tattaro ta gunduwa-gunduwa, ya baje kayan a tsakar falo, ya haɗa ta da hannunsa yana kallon bidiyo a waya, ya hana kowa ko tari. Don Auta aka yi ta. Duk wanda ya san Auta ya san gaisuwa ma nauyi take yi mata. A shagon Baba, in mai saye ya ce a rage masa, sai ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Da mai hoton bakin titi ya ce zai riƙa turo mata hotuna tana gyarawa, Baba ya yarda da sharaɗi guda: muddin kwamfuta na aiki Auta na gida, ranar da ta tsaya kuwa, kujerar shago na can na jiranta.

Mun shaidi marigayiya da kyawun hali. Ba ta taɓa tambayar Auta dalilin shirunta ba. Ta share wa mutane da dama ƙurajen fuska, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta rage wa wani ango tumbi, ta tafi da sirrin a cikinta. Aibinta ɗaya, baki. Da an kunna ta sai ta ce "hmmm". In an buɗe hoto ta ce "wuuu". In an tara mata aiki kuwa, fankarta ta ɗauki "fuuuuu" kamar jirgi zai tashi, lambar zafi a gefen allo ta yi tsalle ta haura casa'in, sai ta suma ba sallama. Baba kan ce, "Ku kashe injin nan, ana jin labarai." Maƙwabciya ta taɓa aikowa a tambaya ko ana karɓar niƙa.

Ba a yi sakaci da jinya ba. Yaya ya buɗe cikinta ya hure ƙurar da babu ita. Ya juya fanka ta kalli gaba, ya sake juya ta ta kalli baya. Ya ƙaro wasu fankokin, kuka ya zama na taron dangi, zafi bai ragu ba. Abu ɗaya ya rantse ba zai sake kwancewa ba, shi ne ƙarfen sanyaya da ke zaune a kan ƙwaƙwalwarta, don shi ya fi ba shi wuya ranar haɗi. Auta kuwa kullum da mafici take zama, tana yi mata fifita tana lallashi a zuci, don duk suman marigayiya sai ta hango kujerar shago.

Ranar da ajali ya yi, Auta ta shiga wanka ta bar ta tana huci. Kaka ta leƙo, ta dafa akwatin da bayan hannu, ta ce, "Yarinya jikinta rau haka, kun zuba mata ido? 'Ya'ya nawa na raina?" Ta ɗauko ƙanƙara a firij, ta naɗe a tawul, ta ɗora mata daidai ramukan shan iska. Maganar gaskiya, zafi ya sauka. Daga nan aka ji "ɗis, ɗis", sai "tsss", sai "ɓas". Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Mai gyara ne ya duba gawar. Da ya ɗaga ƙarfen sanyaya, sai ga 'yar siririyar leda manne a ƙasansa, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire ta kafin a ɗaura. Yaya ya gan ta tun ranar farko. Amma a gidan nan ba a ɓare ledar sabon abu. Kujerun falo na cikin ledarsu, rimot na cikin tasa, ƙofar firij ma haka. Mama na tsaye a kansa ranar haɗin, ta ce, "Kul ka ɓare, so kake ya tsufa?" Mai gyara ya kalli ledar, ya kalli Yaya, ya ce, "Wato rigar ruwa kuka sa mata, sannan kuka ce ta sha iska." Mama ta karɓi ƙarfen ta jujjuya, ta ce ai ga shi nan fes, ko ƙwarzane babu.

Marigayiya ta bar allo, da madannai, da ɗan linzaminta, duk marayu. Ta bar fankoki cikin ƙoshin lafiya, sun yi tsit a karon farko. Ta bar hoton wata amarya da aka gama wa gira ɗaya. Ta bar Yaya, wanda ya ce umarni ya bi, da Kaka, wadda har yanzu ke cewa a ba ta shaida dai zazzaɓi ya sauka a hannunta.

Za a yi rabon gabobinta gobe a rumfar mai gyara, inda zai zaɓi masu sauran numfashi. Ragowar za a mai da su kwalinsu, a binne a ƙarƙashin gadon Yaya, don ya riƙa tunawa.

Zaman karɓar gaisuwa a shagon Baba ne, daga buɗewa zuwa rufewa, har sai abin da hali ya yi. Za a sami Auta a bayan kanta, kanta a sunkuye. Ana roƙon masu zuwa su taƙaita: a ɗauki abin da aka zo saye, kada a nemi ragi, kada a tambaye ta ya aka ji da haƙuri. Wanda kuma yake da kayan cikin kwamfuta da ba ya amfani da su, ya ajiye a kan kanta ya juya, ba sai ya ce komai ba. Za ta gode masa a zuci.